Talabijin a Jigawa: An daɗe ana jiran dikoda, wa zai kawo shirin da za a kalla?

A watan Nuwamban 2021 aka yi gagarumin biki a Kano na ƙaddamar da talabijin ɗin dijital. Kafin Kano an yi irinsa a Jos da Abuja cikin 2016, sai Ilorin da Kaduna da Inugu da Osogbo, sannan Legas. Jigawa ba ta cikin jerin, ga shi kuwa daga Dutse zuwa Kano tafiyar da ba ta kai awa biyu ba ce.

An sha kokawa a kan wannan jinkiri, kuma da gaskiyar masu kokawar. Ranar 17 ga Yunin 2015 ce wa'adin da ƙasashen yankinmu suka amince a kai a Janeba tun 2006 cewa za su bar tsohon tsarin analog. Najeriya ta sa wa kanta 2012, ta saɓa. Wa'adin 2015 ya zo ya wuce, aka ce 2017, shi ma ya wuce. A 2024 gwamnatin tarayya ta sake sanar da ba hukumar NBC tallafin naira biliyan 10 domin aikin, daga baya magana ta karkata ga amfani da tauraron ɗan'adam na NigComSat.

Amma ni a ganina, ko gobe aka wayi gari an raba dikoda kyauta a kowane gida daga Kiyawa har Shuwarin, matsalar talabijin ɗin Jigawa tana nan daram. Dikoda hanya ce kawai. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce: idan an buɗe hanyar, me za a ɗauko a bi da shi ta kanta?

Jama'a ba su jira gwamnati ba

Bari mu fara da abin da tsarin dijital yake yi, don kada a ce na raina shi. A tsohon tsari, kowace tasha tana cinye zango guda ita kaɗai, kuma sai ta gina turakunta. A sabon tsari, zango ɗaya yana ɗaukar tashoshi da yawa, hoto ya fi fita tas, kuma kamfani guda ne ke ɗaukar nauyin isar da sigina ga kowa. Zangon da ya rage sai a sayar wa kamfanonin waya. Ta haka ne MTN ya biya naira biliyan 34 a 2015, kuɗin da aka ce da su za a yi aikin.

Duk wannan alheri ne. Sai dai a tsawon shekarun da aka kwashe ana ɗage ranar, mutane sun nema wa kansu mafita. Wanda ya bi hanyar Dutse zuwa Kiyawa ya ɗaga kai zai ga dish a kan rufin gidaje da shaguna, wasu ma a kan katangar ƙasa. Mai hali ya sa sola. Matasa suna gidan kallo idan ana ƙwallon Turai. Saura kuwa, waɗanda su ne mafi yawa yanzu, talabijin ɗinsu tana aljihu: a je wurin masu turi a loda fim a waya, ko a sayi data ta dare a sauke shiri daga YouTube.

Eriyar nan da ake ɗaurawa a kan doguwar gora, ana juyawa ana tambayar na cikin ɗaki ko ta kama, yaran yanzu da yawa ba su ma san ta ba.

To me ake kallo? Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, ta nuna cewa Bahaushe zai zauna ya jira shiri idan shirin ya yi masa. Daɗin Kowa da Kwana Casa'in da Gidan Badamasi sun shiga gidaje ba tare da wani ya yi wa kowa dole ba. Labarina da Izzar So sun nuna cewa a YouTube ma ana iya tara jama'a mako-mako. Ga tashoshin wa'azi, ga na finafinan Indiya masu fassara, ga na labarai daga Abuja da Landan.

Wato Hausa ba ta rasa wuri a talabijin ba. Abin da ya rasa wuri shi ne Jigawa. Duk shirye-shiryen da na lissafa, a Kano ko Jos ko Kaduna ko Abuja ake tsara su, da idon mutanen can. Ba laifinsu ba ne. Ba aikin mai shirya fim a Zoo Road ba ne ya damu da farashin riɗi a kasuwar Shuwarin, ko kachalla da ta toshe hanyar ruwa a kwarin Haɗejia, ko halin da makarantar firamaren wani ƙauye a Katanga take ciki. Wannan aikin tashar gida ne, kuma dominsa ake ware wa JTV kuɗi a kasafin jiha kowace shekara, dominsa aka kafa NTA a Dutse.

Ga wani gwaji da kowa zai iya yi, a kowace tashar jiha a Arewa. Ka zauna ka kalli labaran dare da agogo a hannu. Ka ƙirga mintunan da aka ba gwamna da mataimakinsa da uwargida da kwamishinoni da masu kai ziyarar ban girma, sannan ka ƙirga waɗanda aka ba manomi ko malamin makaranta ko mai jinya yana magana da bakinsa. Abin da ka samu, ka riƙe wa kanka.

Ma'aikatan waɗannan tashoshi sun fi kowa sanin haka, kuma akwai ƙwararru a cikinsu. Amma mutumin da gwamna ya naɗa, gwamna ke biyansa, gwamna ke sayen man janaretansa, ba za a tsammaci ya juya kyamara ta kalli wani wuri ba. Talaucin tashoshin ma ba ɓoyayye ba ne. A watan Agustan 2022 NBC ta sanar da soke lasisin kafofi 52 saboda bashin da ya haura naira biliyan biyu da rabi, kuma da yawa daga cikinsu na gwamnatocin jihohi ne. Daga baya aka jingine hukuncin.

Abin da ya faru a Ayilan a 2023

A nan ne nake son mu leƙa wata ƙasa da ba mu cika jin labarinta ba sai a ƙwallo, wato Ayilan, tsibirin da ke maƙwabtaka da Birtaniya. Dalilin zaɓenta shi ne girmanta bai fi namu ba. Ƙidayar 2022 ta nuna mutanenta sun ɗan haura miliyan biyar. Jigawa kuwa tun a ƙidayar 2006 tana da sama da miliyan huɗu da dubu ɗari uku.

A harkar talabijin ma ba su riga mu ba. Tashar Ibadan ta fara aiki ranar 31 ga Oktoban 1959. Tashar ƙasa ta Ayilan, wadda ake kira RTÉ yanzu, sai a daren ƙarshe na 1961 ta buɗe, 'yan watanni kafin ta Kaduna da ta zo a 1962. Su dai sun kashe analog ɗinsu ranar 24 ga Oktoban 2012, sun wuce wurin.

Shekarar 2023 ta zo wa talabijin ɗinsu da fuska biyu.

Ta farko abin kunya ce. A watan Yuni aka gano RTÉ ta biya fitaccen mai gabatar da shirinta, Ryan Tubridy, Yuro 345,000 cikin wasu shekaru fiye da abin da ta bayyana wa jama'a. Kuɗin jama'a ne, domin duk gidan da ke da talabijin a ƙasar yana biyan Yuro 160 a shekara. Cikin kwanaki shugabar tashar, Dee Forbes, ta ajiye aiki. Kwamitocin majalisa suka kira manyan tashar suka titsiye su ana nunawa kai-tsaye. Mutane da yawa suka ƙi sabunta lasisinsu don fushi, har sai da gwamnati ta shigo da wani sabon tsarin tallafi a 2024.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne, ɗakin labaran RTÉ ɗin da kansa ya riƙa kawo labarin badaƙalar a sahun farko, ma'aikatanta kuma suka fito zanga-zanga a harabar gidan. Mai karatu ya kwatanta da nan gida, ya ga ko zai iya hango tashar jiha tana buɗe labaranta da binciken shugabanta.

Fuska ta biyu ita ce ta fi shafarmu. Akwai wata ƙaramar tasha mai suna TG4 da ke watsa shirye-shirye da harshen Gelik, harshen asali na ƙasar wanda Turanci ya kusa haɗiyewa. A watan Janairun 2023, wani fim da aka yi da harshen, An Cailín Ciúin, wanda tashar na cikin waɗanda suka ɗauki nauyinsa, ya shiga jerin biyar ɗin ƙarshe na gasar Oscar a rukunin finafinan ƙasashen waje. Shi ne na farko a tarihin harshen. Bai ci ba, amma ya je. A watan Satumba kuma tashar ta buɗe wata tasha ta yara zalla, Cúla4.

Yanzu ga lissafin da ya sa na kawo wannan misali. Waɗanda suka ce suna magana da Gelik kullum a wajen makaranta, a ƙidayar 2022, ba su kai 72,000 ba. Ƙaramar hukumar Kiyawa kaɗai, a ƙidayar 2006, tana da mutum sama da 170,000. Wato masu amfani da harshen nan yau da gobe ba su kai rabin mutanen Kiyawa na wancan lokacin ba, amma suna da tashar manya, suna da ta yara, suna da wasan kwaikwayo mai dogon zango, Ros na Rún, da ake yi tun 1996.

Na san amsar da ke bakin mai karatu: ai su masu kuɗi ne. Haka ne, kuma ba zan yi musu ba. Kasafin TG4 na shekara ya fi ƙarfin abin da kowace jiha a Arewa za ta iya ware wa talabijin. Ba kuɗinsu nake cewa mu kwaikwaya ba, yadda suke kashe shi ne abin dubawa.

Tun da aka buɗe tashar ranar 31 ga Oktoban 1996, ba a gina ta a matsayin ma'aikata mai ɗaruruwan ma'aikata da ke yin komai da kansu ba. Hedikwatarta ma ba a Dublin babban birni take ba, tana wani ƙauye ne a yammacin ƙasar, a yankin Galway, cikin masu jin harshen. Yawancin shirye-shiryenta ba ita ke yi ba. Tana fitar da sanarwar irin shirin da take so, ƙananan kamfanoni masu zaman kansu su kawo tsari, a zaɓa, a biya su, su je su yi. Da haka ƙananan kamfanoni suka tsiro a karkarar, matasa suka koyi ɗaukar hoto da tace shi da rubutun wasa ba tare da sun yi ƙaura zuwa birni ba.

Sannan ta ɗauki abin da manyan tashoshi suka raina. Wasannin gargajiyar ƙasar na matakin ƙananan kulob, da ƙwallon mata, ta riƙa nuna su kai-tsaye har waɗanda ba sa jin harshen suka koma kallonta, tana sa musu fassarar Turanci a ƙasan hoto a shirye-shirye da dama. Ban da wannan, dokar ƙasar ta ware kashi 7 cikin 100 na kuɗin lasisin talabijin a wani asusu na daban, wanda masu shirya shiri ke nema ta hanyar gasa.

A ware kaso, a ba masu yi

Shawarata ga gwamnatin Malam Umar Namadi da majalisar dokokin jiha ba ta buƙatar sabon gini ko sabuwar turaka. A cikin abin da ake ware wa talabijin ɗin jiha, a yanke wani kaso da doka, a ce wannan na sayen shiri ne daga hannun masu shiryawa mazauna Jigawa. A fitar da sanarwa a fili, a faɗi nawa ne, a faɗi wanda ya ci da dalilin cinsa.

Masu yin suna nan. Duk wanda ke zuwa biki ko saukar karatu a Dutse ko Haɗejia ko Gumel ya ga yaran da ke yawo da kyamara da jirgin ɗaukar hoto mara matuƙi, suna tace bidiyo a kwamfuta ko a waya su miƙa washegari. Akwai masu barkwanci a TikTok da Facebook da ke da mabiya fiye da masu kallon wasu tashoshin. Ga ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutse da ta Sule Lamido a Kafin Hausa da kwalejojin kimiyya da fasaha na Dutse da Kazaure da Haɗejia. Wanda ya ƙware a cikinsu, Kano yake tafiya, don can ne ake biya.

Abin ɗauka kuwa ya yi yawa. Shirin minti goma na farashin amfanin gona daga Shuwarin da Maigatari da Gujungu da Sara, da hoton buhu da bakin dillali, zai fi wa manomi amfani a kan jawabin awa guda. Damben bayan girbi da kokawa da wasannin Jigawa Golden Stars, a ɗauke su da kyau da mai sharhi mai gishiri. Hawan sallah a masarautu biyar, kowace da salonta. Zanen duwatsun Birnin Kudu da tsuntsayen Baturiya, waɗanda Turawa suka fi 'ya'yanmu saninsu. Shirin yara da Hausa mai koyar da ƙirga da karatu. Da kuma Fulatanci da Manganci, domin idan ana maganar harshen da ake dannewa, a Jigawa ba Hausa ba ce, ita ce ma mai dannewar.

Akwai kuma abin da ya fi nishaɗi nauyi. Ambaliyar 2022 ta ci rayuka da gonaki da gidaje a faɗin jihar nan. A watan Oktoban 2024 tankar mai ta fashe a Majiya cikin ƙaramar hukumar Taura, mutum sama da 150 suka rasu, yawancinsu sun je kwasar mai. Hotunan da suka fara yawo a waya suka fito, ba tacewa, ba bayani, ba mutunta mamaci. Manyan kafofi suka zo, suka yi kwana biyu, suka tafi. Wa ya rage ya koma bayan wata shida ya tambayi marayun yadda suke, ya bi sawun tallafin da aka tara, ya zauna da direbobi da 'yan kwana-kwana ya nuna wa yaro da hoto abin da tartsatsi ɗaya ke yi wa fetur? Wannan aiki sai na gida. Rediyo na ƙoƙari, kuma tashar FM ta Andaza da ke nan ƙasar Kiyawa shaida ce cewa kafar jiha tana iya shiga zuciyar mutanen karkara. Amma akwai abin da sai ido ya gani.

Wani zai ce to a rufe talabijin ɗin mana, a ba rediyo kuɗin, tunda ita talaka ke ji. Maganar tana da ƙarfi, kuma idan za a ci gaba da tafiya yadda ake yi, ni ma ina bayanta. Sai dai duk mai riƙe da babbar waya yanzu mai kallo ne, kuma adadinsu ƙaruwa yake yi. Abin da ya kamata a bari shi ne tunanin cewa talabijin tana nufin akwati a falo da ƙarfe tara na dare. Duk shirin da aka saya da kuɗin jiha, a sa sharaɗin cewa za a yanka shi gajere-gajere, mara cin data, a sa a YouTube da Facebook da WhatsApp, a kuma bar masu turi su raba shi kyauta. Wanda ya kalla a wayar maƙwabcinsa a Balago, shi ma an isar masa.

Babbar barazanar ita ce wadda kowa ya sani. Asusun da aka buɗe domin masu shirya shiri yana iya zama wata sabuwar hanyar sallamar 'yan jagaliya da mawaƙan siyasa, a ba ɗan wane kwangilar shiri goma sha uku ya kawo biyu. Ba ni da maganin da zai hana wannan ɗungurungum. Amma shiri ya bambanta da kwangilar magudanar ruwa a wani ƙauye mai nisa: idan ba a yi ba, kowa zai ga ba a yi ba, idan an yi na banza, adadin masu kallo a YouTube zai tona. A sa masu zaɓen su haɗa da mutanen jami'a da ƙungiyar 'yan jarida da masu harkar fim, wa'adinsu kuma kada ya zo ɗaya da na gwamna. Majalisa ta kira su duk shekara su yi bayani a gaban kyamara, kamar yadda aka yi wa manyan RTÉ.

Kada kuma wani ya ji an ambaci Yuro 160 ya fara tunanin sabon haraji. Kundin tsarin mulkin 1999 ya riga ya ba ƙananan hukumomi ikon karɓar kuɗin lasisin rediyo da talabijin, amma ba ya zuwa ga tashoshi, kuma mutumin da ke fama da kuɗin taki ba zai biya don a nuna masa ayarin motocin gwamna ba. A fara nuna masa kansa tukuna.

Mun taɓa yin irin wannan a Arewa. Samanja a Kaduna, Karkuzu a Jos, Kuliya a Kano, duk a tashoshin gwamnati suka fito, da kayan aikin da wayar hannun ɗan sakandare ta fi su kyau a yau. Mutane na taruwa a gidan mai talabijin ɗaya a unguwa saboda suna ganin kansu a ciki. Lokacin Jigawa tana cikin Kano. Tun da aka ba mu jiha ranar 27 ga Agustan 1991, shekara sama da talatin ke nan, mai karatu ya gwada kiran sunan wasan talabijin guda ɗaya da aka yi a Dutse wanda ya kai ana labarinsa a Zariya ko Maraɗi.

Kasafin baɗi zai je gaban majalisa kamar kullum, kuma za a ga layin gidan talabijin a ciki: albashi, mai, gyaran na'urori, wataƙila da sayen sabbin kyamarori. 'Yan majalisar da ke wakiltar Kiyawa da Dutse da sauran mazaɓu suna da damar tambayar shugabannin tashar, nawa ne a cikin wannan kuɗi zai tafi ga shirin da ba na gidan gwamnati ba, kuma wane ne zai yi shi.